Bishiyar Bature da Sunan Kakata

Kwanan baya na shiga Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira, neman takarda mai kauri, irin wadda ba ta tsotse tawada, sai na tarar kantin da na saba saye ya koma na takalma. Na tsaya bakin ƙofa ina kallon takalman mata jere a kantar da a da ake ajiye alƙaluman kara, har mai shagon ya fito ya tambaye ni lambar ƙafata. Na ce masa ba ƙafa ce ta kawo ni ba. Bai san an taɓa sayar da littafi a wurin ba, bai kuma ga abin da zai sa ya sani ba, ni ma da na auna ban ga laifinsa ba. Mai kantin na asali ya daɗe a ƙasa, 'ya'yansa sun riƙe iya riƙonsu, jikoki suka ga takalmi ya fi tafiya. Na gangara tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, hannu rabbana, wata mata ta matsa mini na zauna. A nan ne Baturen nan ya faɗo mini a rai, shi da bishiyarsa, don a wannan kantin aka haɗa mu.

Lokacin ina ɗalibi, ban fi shekara biyu a Masar ba, gemu bai gama yanke shawarar fitowa ba. Alƙahirar wancan zamani da kunne ake saninta. Da sassafe mai ful, dafaffen waken da suke karya kumallo da shi, zai turo kekensa yana buga ludayi a bakin tulu, can sai mai gas ya biyo yana dukan tukunya da sifana kamar ta yi masa laifi, sai mai sayen tsofaffin kaya da kiransa da har yau ban rarrabe kalmominsa ba, sai ƙugin taram a kan ƙarfensa. Unguwar Hayyin Ashir da yanzu ba ka samun wurin ajiye ƙafa, yashi ne da 'yan benaye tsilli-tsilli. Mu 'yan Arewa ba mu da yawa, kowa ya san tarin kowa. Wanki da kanmu a bokiti, mu shanya a baranda hayaƙin mota ya sake ɓata shi. Girki karɓa-karɓa, kuma ko ranar wa ta zo shinkafa ce da miyar tumatir, sai fa in baƙo ya zo daga gida da kuka da daddawa, ranar nan har wanda ba ya magana da kai sai ya gaishe ka. Wasiƙa takan yi wata biyu a hanya, amsa ta yi wata biyu, in ka ba da labarin zazzaɓi, kafin a yi maka sannu ka manta ka yi shi. Ɗaliban da nake gani yanzu, uwa tana Kano tana leƙa tukunyar ɗanta ta waya tana ce masa ruwan ya yi yawa. Ban ce namu ya fi nasu ba. Na dai ce mu mun san jira, su ba su san shi ba.

Ni ba gwani ba ne a aji, in faɗi gaskiya. Nahawu ya wahalar da ni, ni ma na wahalar da malaman nahawu. Abin da Allah ya ba ni hannu ne. Mahaifina, wanda muke kira Malam kamar yadda duk gari ke kiransa, marubucin Alƙur'ani ne, kuma tun ina ƙarami ya sa ni gaba da allo da tsumagiya har baƙina ya miƙe. Na kuma yi elementare, na iya baƙin boko. Mai kantin nan ya ga rubutuna wata rana ina gwada alƙalami, daga nan ya riƙa ba ni 'yan ayyuka, katin biki, allon shago, ayar da za a rataye a falo. Wata ranar Alhamis ya ce mini akwai wani hawaga, haka Masarawa ke kiran Bature, da ya ga bishiyar nasabar wasu sharifai rataye a kantin, ya ce lallai shi ma sai an yi wa danginsa irinta. Na yi dariya, na ce Bature kuma da nasaba. Mai kanti ya ce in je in gani da idona.

A Mohandisin yake, hawa na uku, lokacin unguwar ba ta cika da ofisoshi ba, har kukan kurciya ana ji. Tsoho ne dogo, ya ranƙwafa, hancinsa ja kullum kamar mai mura. Ya ƙare ƙarfinsa yana koyarwa a wata makaranta a nan Alƙahira, ya yi ritaya, ya ƙi komawa gida, wai sanyin ƙasarsu ba ya shiri da gwiwarsa. Matarsa ta rasu, ba su haihu ba. Larabcin titi a bakinsa ya fi nawa nesa ba kusa ba, har zagin direbobi ya iya. Ya ba ni shayi da madara mai sanyi a ciki, na sha don kunya, sannan ya jawo akwatunan kwali uku daga ƙarƙashin tebur.

Abin da ke ciki aikin shekara da shekaru ne. Mutanensa 'yan wani ƙaramin ƙauye ne a Ingila, mai coci ɗaya da rafi da tumaki, kuma a cocin nan akwai littattafai da limamansu suka riƙa cikawa ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwan shekaru: ranar da aka yi wa jariri wankan shiga addini, ranar da aka ɗaura aure, ranar da aka binne mutum. Shi kuma ya zauna a Masar yana aika wasiƙu, ga limamin cocin, ga ma'ajiyar takardun lardi, ga wata tsohuwa da ke bin kaburbura tana kankare gansakuka tana kwafo masa abin da ke jikin duwatsu. Da haka ya haɗa hawa goma sha huɗu. Yanzu an ce yawu kawai ake tofawa a kwalba a aika, sati kaɗan waya ta gaya maka daga inda ka fito, shi kuwa suna ɗaya yakan ci masa shekara. Na zaci zan ji sarauta, ko aƙalla wani mayaƙi. Ina. Makiyayan tumaki ne, da masaƙan ulu, da maƙeri ɗaya, da wani mai baibayar ɗaki, da wani da aka kai ƙara don aladensa ya shiga gonar maƙwabci. Da yawansu ba su iya rubuta sunansu ba, sai dai su yi alama a wurin sa hannu. Sunayen ma ba su da yawa, Tomas ya haifi Wiliyam, Wiliyam ya haifi Tomas, kamar dai mu da Muhammadu da Abubakar. Yana nuna mini su yana murmushi kamar mai nuna garken shanunsa. Ya ce 'yar ƙanwarsa ce za ta yi aure, ita kaɗai ta rage musu, yana so ya aika mata bishiyar, kowane suna da boko, da Larabci a ƙarƙashinsa. Ya riga ya jera komai a dogayen takardu, nawa kawai in zana.

Na ɗauki aikin da girman kai, ba zan ɓoye ba. In dai nasaba ce, a gidanmu aka san ta. Tun kafin in iya wanke allo na iya jero kakannina goma sha ɗaya, wane ɗan wane ɗan wane, har zuwa wanda ya taso daga gabas da jakinsa da littattafansa ya sari dajin da ya zama garinmu. Malam yakan sa ni in jero wa baƙi a zaure, su shafa kaina su sa mini albarka. Saboda haka da na shimfiɗa takardun Bature a kan tabarma, cunkoso kawai na gani na wanda bai san aikin ba, na ce bari in gyara masa. Mata na fara cirewa, don ban taɓa ganin nasabar da aka sa mace ba. Sai jariran da aka yi wa wanka aka binne a wata guda, su ma na tsame su, tunda ba su bar baya ba, kuma ban ga amfanin tayar wa amarya hankali ba. Sai na zo wani wuri a tsakiya inda sarƙar ta tsinke. Yaro ne mai suna Tomas, an rubuta sunan uwarsa An, wurin uba kuwa ba kowa, sai wata kalma ɗaya da limamin ya ƙara, wadda na duba a ƙamus na rufe shi da sauri. Na daɗe ina kallon wurin. Tsohon ya ba ni tausayi, na ce bawan Allah bai lura da abin da zai aika gidan surukai ba. Sai na ɗauki yaron na liƙa shi a jikin mahaifin An, ya zama ɗansa maimakon jikansa, tunda sunan gidan ɗaya ne ba mai ganewa. Na ji daɗin kaina ƙwarai, na ɗauka na yi rufin asirin da za a rubuta mini lada.

Sati shida na yi a kanta. Na haɗa tawada irin ta gida da ƙaro, na feƙe alƙaluma, abokan ɗakina suka kafa dokar ba mai shan shayi kusa da tabarmata. Bishiyar ta fito miƙaƙƙiya kamar giginya, ba reshe ba karkata. Na naɗe ta na kai masa da hantsi. Ya share tebur, ya danne kusurwoyin da kofuna, ya sa tabarau. Ya yaba hannun, ya ce bai taɓa ganin sunansa ya yi kyau haka ba. Sannan ya ɗora yatsa a saiwa ya fara hawa yana ƙirgawa, ya kai ƙarshe ya samu goma sha uku, ya sake saukowa. Na ga jan hancin nan ya bazu har kunne.

"Ina An?" ya ce.

Na yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa babba, cewa a wurinmu ba a tona irin wannan, balle a kan mamaci, balle a takardar da za ta shiga gidan miji. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Sai ya zaro wata takarda daga akwati, ya ce shekara shida ya yi yana neman matar nan. An tsayar da ita gaban jama'a a coci don a kunyata ta, an matsa mata ta faɗi uban yaron ta ƙi, aka so a karɓe ɗan a ba wani manomi ta hana. Da wankin ulu a rafi ta raine shi, ba ta taɓa aure ba, ta mutu da tsufa a ɗakin ɗan nata. Duk wanda ke saman bishiyar nan, in ji shi, har da shi mai magana, daga cikinta ya fito.

"Mutanen ƙauyenmu sun yi ƙoƙarin shafe ta ba su iya ba," ya ce. "Kai ka yi shi da alƙalami ɗaya, kuma da kyakkyawar niyya. Ma'alish, ba komai. Sauran matan ma duk ka kwashe. Ku a wurinku maza ne ke haihuwa?"

Raina ya ɓaci, don lokacin ina ji da kaina. Na ce masa mu ba mu buƙatar akwatin kwali, namu a ka yake, na gyara zama na jero masa goma sha ɗayan nan ban ja numfashi ba. Ya gyaɗa kai, ya ce tamam, abin sha'awa ne. Ya tambaye ni wa ya raine ni, na ce kakata, mahaifiyar Malam, don a ɗakinta aka yaye ni kuma ban bar shi ba sai da na girma. Ya ɗauki fensir, ya ce to mene ne sunanta. Na ce Inna. Ya tambaya ko wannan suna ne, na ce a'a, haka dai ake kiranta. Ya riƙe fensirin yana jira, ni kuma na zauna ina kallon shayin da ya huce.

Ba abin da ban sani ba na matar nan. Na san tarinta na asuba, guda biyu gajeru, kafin ta taɓa buta. Na san ƙugin mazarinta, da farin allin da ba ya rabuwa da yatsunta. Na san ba ta shan fura sai ta kwana, ba ta son a taka mata bakin tabarma da takalmi. Ni ke ɗebo mata ruwa, ni ke tsince gurya in tana gurzar auduga, ni ke kai mata zare kasuwa ranar Laraba. Tana kirana mijinta, miji marar cefane, ta ce ranar da na kawo mata ko da gishiri ne za ta daina kai ƙarata. In na yi ƙiwar zuwa karatu ba ta duka, sai ta ce to zauna, dama tana neman mai taya ta kaɗi, in tashi da gudu. Daga wajen Damagaram aka auro ta, ba ta da dangi a garinmu, ta haihu tara, Malam kaɗai ya tsaya. Kakanmu bai taɓa kama sunanta ba, Malam kuwa ko a mafarki. Tsararrakinta suna ce mata Ta-Arewa, na ƙasa suna ce mata Inna, mahaifiyata ma da na tambaye ta daga baya ta ce ita a Inna ta same ta. Ta rasu shekara guda kafin in taho, tsararrakin nata duk sun riga ta. A al'ada, da an haifi mace a gida sai a mayar mata da sunan, ya zauna a jikinta ko da ba a kira. To gidanmu gidan maza ne, Malam shi kaɗai, mu uku duk maza, har ana yi mana tsiya a gari cewa ba mu taɓa sayen kwanon jere ba. Ina saukowa daga benen Bature na gane cewa mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ya san sunan Inna, kuma shi ne wanda ba zai faɗa ba.

A ƙasa na iske mai gadin gidan, wani mutumin kudancin Masar mai babban rawani, ya ga fuskata ya tambaye ni lafiya. Da na gaya masa sai ya tafa hannu, ya ce hawagan nan tsufa ya fara taɓa shi, wane ɗan halak ne zai faɗi sunan uwarsa ko kakarsa gaban wani namiji, a garinsu a kan abin da bai kai wannan ba ake fasa kai. Ya ce khalas, shi ke nan, in manta. Na ji sanyi da na samu ɗan'uwa a ra'ayi, amma sanyin bai raka ni tashar bas ba, don shi ya san sunan ne yake ɓoyewa, ni kuwa ba abin da nake ɓoyewa.

Na sake bishiyar daga farko. Wannan karon ta yi rassa ta yi cunkus kamar tsamiya. Kowace mace na sa ta kusa da mijinta, jariran na yi su 'yan ƙananan ganye, wata mata ita kaɗai ganye bakwai. Ita An kuwa a tsakiyar gangar na sa ta, da tawadar da na rubuta mazan. Kalmar limamin ce kawai na ce hannuna ba zai rubuta ba, shi ma bai matsa ba. Wata biyu ina zuwa Mohandisin muna gardama. Ina ce masa ya san sunan matattu fiye da ɗari amma shi kaɗai yake cin abinci, ko maƙwabcinsa na hawa na biyu bai san yadda ake kiransa ba. Shi kuma ya ce mu muna da mutane cike da gida, amma da mutum ya kwana biyu a ƙasa sai a neme shi a rasa, in mace ce ma tun tana raye. Har yau ina ganin kowannenmu ya faɗi gaskiya a kan ɗan'uwansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na hardace matan nan ba da niyya ba. Ina wanki sai in ji bakina yana jero An, Meri, Alis, Marta, matan da wasunsu suka mutu tun kafin a sari garinmu, ga tawa kakar da ta tauna abinci ta sa mini a baki ba ni da abin kiranta.

Sai na rubuta wa Malam da ajami. Na cika shafi da gaisuwa, na tambayi damina da jaki da kowa da kowa, can ƙasa na lallaɓa na sa tambayar, na ce don in riƙa yi mata addu'a da sunanta ne. Wannan rabin gaskiya ne. Bayan wata huɗu amsa ta iso. Shi ma ya cika shafi da gaisuwa, sannan ya ce in ci gaba da addu'ata yadda na saba, Wanda ake roƙo ya san wadda ake nufi. Ya ce ya aike ni Masar neman karatu, yana fata ba tambaya kaɗai na koyo ba. Layin ƙarshe shi ne wanda na riƙe: "Abin da ka tambaya ba a sa shi a takarda. In Allah ya ba ka 'ya mace, ka kawo mini kunnenta."

Daga nan shekaru suka yi ta tafiya yadda suka saba. Na gama karatu da ƙyar, na samu aikin fassara da rubutun takardu a wani ofishi, na ce shekara biyu zan yi in koma, ga shi har yau ana shekara biyun. Na auri 'yar Hausawan Sudan, muka kama gida a Hayyin Ashir. Bature ya aika bishiyarsa, daga baya 'yar ƙanwar ta zo ta tafi da shi, gwiwa ko ba gwiwa, ba a jima ba ta rubuto mini cewa an binne shi a bayan cocin nan, cikin su Tomas da Wiliyam ɗinsa. Na je gida sau biyu. Duk zuwan sai in zauna gaban Malam a zaure maganar tana bakina, ya juyo ya dube ni, in tambaye shi lafiyar ido. Maiɗakina ta haihu, namiji. Ta sake, namiji. Ƙannena a gida su ma maza suke ta zubawa. A na uku ma'aikaciyar asibiti ta fito da guɗa tana yi mini albishir da ɗa namiji, ta ga fuskata, ta koma ta tambayi maiɗakina ko mijinta lafiyarsa ƙalau. Na gode wa Allah, kada a ce ban gode ba, 'ya'yana ne kuma ina son su. Amma wasiƙun gida sun riga sun koma hannun ƙanena, don idon Malam ya tafi, kuma kowace takan zo da sabon abu, yau ƙafa ta kumbura, gobe ya daina fita masallaci. Tsoro nake ji, tsoro na gaske, kada ya tafi da sunan.

Ta huɗu ta zo mace, cikin zafin nan na Alƙahira da ke narkar da kwalta. Kai jaririya gida ba zai yiwu ba, Malam kuma ba zai kai a yaye ta ba, kowa ya san haka. A lokacin ba tarho a gidajen irinmu, balle a ƙauye. Na aika wa ƙanena telegiram ta hannun wani ɗan kasuwa a birni mai tarho a gidansa, na ce a kawo Malam can ranar kwana shida, zan kira da hantsi. Yadda suka ɗora tsoho makaho a bayan a-kori-kura, tafiyar rabin yini a hanyar da ba kwalta, daga baya na ji. Ƙanena ya ce ana karanta wa Malam saƙon, sai ya sa aka wanke masa rigarsa ta Idi.

Maiɗakina tana jego ba ta fita, ta kuma ce ban isa in ɗauki 'yar kwana shida in shiga bas da ita ba. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da muke kira Hajiya ita ta rungume ta, muka ɗauki tasi zuwa Wustul Balad, tana yi mini faɗa tun daga Ashir har muka sauka, wai ita tun da take ba ta taɓa jin an yi wa jariri huɗuba ta waya ba. Ofishin tarho, wanda Masarawa ke kira santiral, babban zaure ne mai bencina da ƙananan ɗakunan katako jere masu ƙofar gilashi. Kana ba da lamba, a yanka maka minti uku, ka zauna jira har a kira ƙasarka. Muka zauna tsakanin sojoji da matan da mazansu suka tafi ci-rani ƙasashen waje, Hajiya tana yi wa jaririyar fifita da gefen mayafi. Mun fi awa biyu. Can ma'aikacin ya ɗaga murya ya ce Nijeriya, ɗaki na huɗu, yalla, maza.

Na karɓi yarinyar na shiga, na ja ƙofa. Muryar ƙanena ta fara zuwa, can nesa kamar daga cikin rijiya, sai numfashin Malam. Malam bai taɓa riƙe tarho ba, amma bai ga dalilin da zai sa ya rage gaisuwa ba. Ya tambayi mai jego, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ni ina amsawa ina kallon agogon bango ta gilashi, gumi yana bin bayana. Rabin lokacin ya tafi a lafiya lau.

"Malam, ga ta a hannuna," na ce.

"To. Sa mini ita. Kunnen dama."

Na ji ya ce wa na kusa da shi su ba shi wuri. Na ɗora kan tarhon a kunnenta, ya rufe mata rabin fuska. Ban san ko ya so in ji ba, ban kuma tambaya ba, na dai sunkuyar da kai har kuncina ya taɓa goshinta. Ya fara kiran salla, a hankali, bai tsallake ko kalma ɗaya ba, da muryar nan da ta tashe ni duk ƙuruciyata, yanzu ta zama siririya. Ma'aikacin ya zo ya ƙwanƙwasa gilashi ya nuna mini agogo, Hajiya ta tare gabansa da faɗin jikinta, ban san me ta gaya masa ba, ya koma. Malam ya gama, ya yi gajeriyar addu'a. Sannan ya ce sunanki, ya faɗa.

Suna ne da kowa ya sani. A layinmu na Ashir kaɗai akwai mata uku masu shi. Na tsaya da shi a kunne ina jin kamar a ce da saura. Layin bai yanke ba, ina jin numfashin tsohon. Sai ya sake faɗar sunan, shi kaɗai, ƙasa-ƙasa, da ɗan jan ƙarshe irin na mai kira daga bakin ƙofa, na kuwa san wannan karon ba da jaririya yake ba. Ya haura tamanin a lokacin, kuma ina jin ranar ce ta farko da sunan ya fita daga bakinsa. Daga nan layin ya mutu. Na fito, Hajiya ta karɓi yarinyar, ta dube ni ta ce in share fuskata, mutane na kallo.

Washegari aka taru raɗin suna a gidanmu, ɗalibai da maƙwabta har kan matattakala. Liman ya juyo ya tambaye ni sunan yarinya. Shekara da shekaru ina neman kalmar nan, na ɗauka ranar da na same ta ba wanda ba zan gaya wa ba. Na buɗe baki gaban mutane, ta ƙi fita. Sai da na matsa na raɗa wa liman a kunne, shi ya faɗa da ƙarfi, ni ina kallon tabarma. Malam bai kai girbin shekarar ba. Yarinyar muna ce mata Uwani. Yanzu tana da 'ya'ya huɗu, sunan yana cikin fasfonta da takardun makarantarta, a asibiti ƙwala shi ake yi kowa na ji, mijinta ma, ɗan zamani, da shi yake kiranta a gabana ko a jikinsa. Ni dai na ji shi sau biyu daga bakin da ya dace, kuma har yau ban taɓa kiranta da shi ba.